Waifar Ɓangaren Malama

A layin gareji babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. In ka zo da mota fitila ta ƙi kamawa, ko hon ya shaƙe, ko waifa ta tsaya cak a tsakiyar gilashi kamar an daka mata tsawa, za a nuna maka rumfa ta uku daga famfo a ce, "Je wurin Kafin-Damina." Mai gyaran wutar mota ne. Shekara talatin da ɗoriya yana kan benci ɗaya, gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, da faratan da sabulu ya daɗe da haƙura da su. Ba shi da yawan magana, sai ka yi masa jimla biyar ya ba ka "to" guda ɗaya. Amma hannunsa yana da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ya shaida.

Sunan nan matarsa ce ta laƙaba masa, kuma a kan motarsa ne. Tsohuwar mota ce, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi 'yarsu. Da fara ce, yanzu ta koma launin haƙorin tsoho. Shekara goma sha tara da suka wuce wani direba ya zo da mota irinta sak, zai yi doguwar tafiya, ga hadari ya haɗo, ga hannun waifarsa ya karye. Hannun waifa shi ne ƙarfen nan da ke riƙe robar da ke share ruwa a gilashin gaba. Aka zaga shaguna ba a samu ba. Sai mutumin naka ya yi abin da kowane bakanike ke yi yana rantsuwa ba ya yi: ya je motarsa, ya kwance hannun waifar dama, ta ɓangaren mai zaman banza, ya ɗan lanƙwasa shi a bakin benci, ya ɗaura wa direba. Direba ya yi godiya ya kama hanya, ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Da aka tashi daga makaranta ya je ɗauko matarsa a firamaren da take koyarwa. Ta shiga, ta ɗora jakar littattafai a cinya, ta dubi gilashi.

"Injiniya," in ji ta. Haka take kiransa in za ta yi masa tsiya, wato kullum. "Ina hannun motar ɗaya?"

"Na ba wani. Zan sa wani kafin damina."

"Wannan da ke zuba a kanmu fa, shayi ne?"

"To, kafin ta yi ƙarfi."

Damina ta yi ƙarfi, ta yi sanyi, ta tafi. Wata daminar ta zo. Duk shekara in aka ga hadarin farko sai ta tambaya, shi kuma ya ba ta amsar bara. A shekara ta uku ta zo rumfar da kanta, ta tsaya a gaban mai faci da mai fenti da duk wanda Allah ya ba kunne, ta ce, "Ina Kafin-Damina? Ku ce masa matarsa makauniya ta zo." Shi ke nan, suna ya bi shi. A waɗannan shekaru ya gyara waifar mota ta fi dubu, tasa tana nan da hannu ɗaya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Malama, haka kowa ke ce mata har shi, mace ce mai murya. In tana koyar da lissafi a aji uku, 'yan aji shida ma suna ƙaruwa. A bakin aiki suka haɗu tun yana saurayi: motar makarantarsu ta mutu a hanya, aka kira shi, ita kuma ta tsaya a kansa tana gaya masa wayar da zai taɓa, alhali ko batir ba ta sani ba. Motar ta tashi, ta ce, "Ka gani? Da ka bi maganata tun farko." Bai yi gardama ba ran nan, bai kuma yi ba tun daga ran nan. Tana buɗe ido da safe take buɗe baki: ta yi wa tukunya faɗa, ta yi wa masu magana a rediyo gyara, ta ba shi labarin mutanen da bai sani ba kuma ba zai taɓa sani ba. Shi kuwa ya zauna cikin maganarta kamar mai gida a bakin titi, wanda ya daina jin ƙarar motoci. Ba ya amsawa, ita ma ba ta jiran amsa. Haka suka yi shekara talatin da huɗu, suka haifi 'ya ɗaya, suka aurar da ita. In ka ɗauke muryar Malama, ba wanda ya taɓa jin kansu.

A mota kuwa ta ɗaukar wa kanta aiki. Ta yanko wani tsohon tawul rawaya ta ajiye a aljihun ƙofa. In ruwa ya sauko sai ta sauke gilashin ƙofarta, ta miƙa hannu waje ta share iya inda ta kai, hannun rigarta na jiƙewa, bakinta na aiki. "An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma motar Injiniya da hannu ɗaya take yawo. Wai kujerar mai zaman banza! Su zo su ga zaman banza." Akwai wata mahaɗa a hanyarsu ta komawa gida, inda ƙaramin titi ke tsallake babba, ba danja, ba mai ba da hannu, ga manyan motoci suna gangarowa daga dama a guje. A nan shi zai duba hagu, ita ta duba dama. "Tsaya. Tsaya. Tirela. Ga mai babur, ɗan banza ko fitila babu. Yawwa, wuce!" Tana faɗin "wuce" ɗin tana dukan gwiwarsa da hannun hagu, tas, sau ɗaya. Da farko a damina kaɗai ake haka. Daga baya har da rani. A ƙarshe wuyansa ya manta yadda ake juyawa dama a wurin nan, in shi kaɗai ne a motar sai ya bi ta doguwar hanya ya zagaye.

Wata safiya yana zaune a bakin gado yana ɗaure takalmi, ita tana kicin. Ya ji ta ce, "Injiniya, sau nawa zan gaya maka in ka sha shayi..." Sai shiru. Ya ci gaba da ɗaure takalmi yana jiran sauran. Ya ma san sauran, maganar kofin da yake bari a kan taga ce. Ya gama ƙafar dama, ya gama ta hagu, ya nemi makullin mota. Sai a lokacin ya lura shirun ya yi tsawo. Ya same ta zaune a ƙasa, ta jingina da firji, cokali a cinyarta, bakinta ya karkace, tana kallonsa kamar shi ne zai ƙarasa mata maganar.

A asibiti likita, wata mata mai gajiya a ido, ta ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi.

"Za su dawo?" in ji 'yarsu.

"Ƙafa da hannu sai a hankali, da motsa jiki. Maganar tana iya dawowa, tana iya ƙi. Ku riƙa yi mata hira. Ku nuna mata abin da ta saba da shi."

Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa haɗa jimla uku a jere ba, shi aka ɗora wa hira. Yakan zo da hantsi, ya dawo da yamma, ya zauna a kujerar roba a gefen gado. "Sannu, Malama." Shiru. "An gyara famfon layinmu." Shiru. Fanka na juyawa a sama, matar gadon kusa tana tari, shi kuma ya koma kallon hannuwansa. Idon Malama a buɗe yake, tana bin mutane da kallo, tana haɗiye abin da aka ba ta a cokali, amma ba wanda zai ce maka ga abin da ta gane. Ko tana cikin jikin nan, ko ba ta ciki, ba a sani ba.

Bai yi kuka ba. 'Yarsu ta yi, a baranda, a bayan ƙofa, a kafaɗar ma'aikaciyar jinya. Shi ko ɗigo. Masu dubiya suka yi ta zuwa da lemo da ayaba da dogon bayani a kan ƙanwar kakar wani da ta yi irin wannan ciwon ta tashi har tana hawa keke. Wasu suka ce dattijon nan akwai haƙuri. Wasu suka koma gefe suka ce zuciyarsa ta zama ƙarfe irin na sana'arsa. Duk surutun banza ne, ba haƙuri ba ne, ba kuma taurin zuciya ba. Ka san in ka daɗe zaune a kan ƙafa, ka tashi ka taka ƙasa ba ka ji ta ba? To haka jikinsa duka ya koma. Yana cin abinci don an ajiye masa. Yana zuwa aiki don ƙafarsa ta san hanya. Rannan wayar wuta ta ja shi a yatsa har ta bar tabo, ya tsaya yana kallon yatsan kamar na maƙwabci. A gida kofin shayin yana nan kan taga inda ya bar shi, ya bushe, gindinsa ya yi baƙi. Bai ɗauke ba, bai kuma san dalili ba.

A sati na biyar, ranar Talata, 'yarsu ta same shi a rumfa.

"Baba, sun ce jibi za su sallame mu. Ba wai ta warke ba ne, sun ce sauran jinyar a gida."

"To."

"Ka zo da mota da wuri. Don Allah ka kwashe ƙarafan nan na but ɗin motar."

"To."

Ta tsaya tana kallonsa ko zai ƙara wani abu. Da ta ga ba ƙari, ta tafi.

Ya fito ya tsaya a gaban motar. Sama ta yi duhu ta gefe ɗaya, iska na ɗauke da ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri. Idonsa ya sauka a kan gindin waifar dama, wani ɗan dungun ƙarfe mai tsatsa da ya leƙo daga ƙasan gilashi. Shekara goma sha tara, duk lokacin da ya kunna waifa dungun nan yana juyawa, ya je ya dawo, ba abin da yake sharewa. Likita ta ce a nuna mata abin da ta saba. Shi bai iya hira ba, amma ya san abu ɗaya da Malama ba za ta iya gani ta yi shiru ba. In ta shiga motar nan ta ga hannun waifa a ɓangarenta, dole ta tanka. Ya ma san abin da za ta ce: "Sai yau?" Kalma biyun nan yake so, ba ya neman ƙari. In ta faɗe su, to tana nan. In ba ta faɗa ba, wannan bai bi tunanin zuwa ƙarshe ba, ya koma rumfa ya fara haɗa kayan aiki.

Washegari ya fara da shagon kayan gyara na bakin titi. Mai shagon ya zaro masa wasu hannuwa cikin leda mai ƙyalli, ya ce suna shiga kowace mota. Abin da ke shiga kowace mota ai ba a yi shi don ko ɗaya ba. Ƙarfe kamar gwangwanin madara, ka matsa da yatsa ya lanƙwashe, sifirin ɗinsa ko takarda ba zai danne ba. Kayan yanzu ke nan, ƙyalli a waje, ciki fanko. Ya juya shi sau biyu ya ajiye.

Sai ya nufi filin gwangwan, can bayan gari, inda ake jibge matattun motoci a kan juna. Mai filin tsohon abokinsa ne, wani dogo mai giɓi.

"A'a! Kafin-Damina da kansa! Yau wace rana?"

"Hannun waifa nake nema, hagu da dama. Irin na motata."

"Na wane mai tsautsayin ne kuma?"

"Motar tawa zan sa wa."

Mai filin ya buɗe baki zai kwashe da dariya, har ya ɗaga hannu su tafa, sai ya tuna. Ya sauke hannun. "Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Bi ta bayan motar yashin can, akwai irin taka guda biyu. In ka samu ɗauka kawai, kar ka zo min da wata magana."

Ta farko ba gilashi, ba hannuwa, kaji sun yi gida a ciki. Ta biyu tana ƙarƙashin wata bishiya, ganye ya rufe mata bonet, amma hannuwanta biyu suna kwance a inda mai ita ya bar su. Ya ɗaga kowanne ya saki a kan tafin hannunsa don ya ji ƙarfin sifirin. Suka doke shi da kyau. Da tsohuwar zuma ake magani. Notin ya ci tsatsa, ya ɗiga masa baƙin mai, ya zauna a kan wata taya yana jira ya jiƙa. Ya fi rabin awa a zaune, ba ya tunanin komai, yana kallon tururuwa suna shiga ramin fitilar motar suna fita.

A rumfa ya yi aikin yadda yake yi wa baƙo, ko ma fiye. Akwai doka ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ba a taɓa hannun waifa sai an shimfiɗa tsumma a kan gilashi. Ƙarfe ne tsirara da sifirin a bayansa, in ya kuɓuce ya faɗo, gilashi ya tafi. Ya duba benci, tsummokaransa duk sun sha girisi. Ya buɗe ƙofar dama, ya zaro tawul ɗin nan rawaya daga aljihun ƙofa, ya ninka biyu ya shimfiɗa. Bai ji komai ba da ya taɓa shi. Tsumma ne, aiki ya same shi.

Ya fara da na hagu, na ɓangarensa, don shi ma ya gaji: sifirin ya saki, yana barin ratsi-ratsi a gilashi, in iska ta yi ƙarfi har ɗagawa yake. Ya ɓalle 'yar hular da ke rufe noti, ya sa sifana mai lamba sha uku ya kwance. Hannun ya ƙi fita, ya manne. Wanda bai san aiki ba a nan yake ɗauko guduma ya yi ɓarna. Shi ɗaga shi tsaye ya yi, ya riƙe gindin, ya yi ta jijjigawa a hankali kamar mai cire haƙori, har ya saki.

Dungun dama ne ya ci masa lokaci. Yana da ƙananan haƙora a kewaye, su ne ke kama hannun, tsatsar shekara goma sha tara ta cike su. Ya sa burushin waya, ya bi da bakin ƙusa, haƙori bayan haƙori. Mai faci, maƙwabcin rumfarsa, ya bar tayar da yake dubawa a ruwa ya zo ya tsaya a kansa.

"Ikon Allah. Yau sunanka zai mutu ke nan. To me za mu riƙa kiranka?"

"Miƙo min sha ukun can."

Mai faci ya miƙa, ya ɗan ƙara tsayawa, ya ga ba fuska, ya koma wurin tayarsa.

Ya kunna waifa ba hannuwa, ya bar dungayen biyu suka je suka dawo, ya kashe don su tsaya a mazauninsu. Wanda ya manta wannan, hannun zai sauko ya doki bonet, ko ya haura ya bar gilashi. Sannan ya ɗora kowanne, yatsa biyu sama da robar gindin gilashi, ya ɗaure, ba da mugun ƙarfi ba. Ya sa sababbin robobi. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa, ya shiga ya kunna. Hannuwa biyu suka tashi tare, suka kwanta tare. Gilashin ya fito tas daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ya ga kamar ba motarsa ba. Ya zauna yana jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ya fito, ya goge hannuwansa da tawul ɗin, girisi da tsatsa da baƙin mai, ya jefa shi a durom ɗin shara tare da tsohon hannun. Ai a ganinsa aikin tawul ya ƙare.

Ranar Alhamis da hantsi ya isa asibiti. Ƙarafan but kuwa suna nan, ya manta da su sam. 'Yarsu ta buɗe, ta ga tsofaffin fitilu da wayoyi da batir biyu, ta runtse ido. "Haba, Baba!" Kujerar baya ta cika da filo da bokiti da jakunkuna, keken da za a riƙa tura Malama ya ƙi shiga ko'ina.

"Bari ni in yi gaba da keken a tasi, in buɗe gida in gyara gado," in ji ta. "Don Allah ka tafi a hankali. Kar ka buɗe mata gilashi, ka ga garin."

Shi da wani ma'aikaci suka ɗaga Malama suka zaunar da ita a gaba. Ta rame, ba nauyi. Ya ɗaura mata bel, ya ɗauki hannun damanta ya ɗora mata a cinya, hannun ya zauna inda aka ajiye shi. Ya zagaya ya shiga, amma bai tayar da motar nan da nan ba. Ya ba ta lokaci ta gani. Hannun waifar yana nan a gabanta, baƙi, a kwance. Tana kallon gaba. Ko shi take kallo, ko bangon asibiti, oho.

"Malama," ya ce. "Kin gani?"

Shiru.

Ba su yi nisa ba ruwa ya fara, ɗigo-ɗigo, sannan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya kunna waifa. Hannuwa biyu suka tashi tare. Ya saci kallonta, ya ga idonta na bin na ɓangarenta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Zuciyarsa ta buga sau ɗaya da ƙarfi, karo na farko a sati biyar da ya tuna yana da ita. Leɓen Malama ya motsa. Ya rage gudu, ya kasa kunne. Ba abin da ya fito sai miyau, ya gangaro ta gefen da ya karkace.

Sai ya ga hannunta na hagu ya tashi. Ya tsallake cinyarta, ya tsallake hannun da ya shanye, da ƙyar, jikinta na karkata, bel na riƙe ta, har yatsunta suka kai aljihun ƙofa. Suka shiga, suka lalubi wannan kusurwa, suka lalubi waccan, suka fito ba komai. Suka sake shiga. Sau uku tana yi. Sannan hannun ya dawo ya kwanta a cinyarta kusa da ɗan'uwansa, ta ɗauke ido daga gilashin, ta sunkuyar da kai.

A nan ya gane abin da ya yi. Shekara goma sha tara matar nan tana tsiya a kan hannun waifa, shi kuma da kunnen bakanike ya ji ta, ya ɗauka hannun waifa take so. An ce a nuna mata abin da ta saba, shi ya tashi tsaye ya kawar da shi. Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, aji ya tafi, murya ta tafi, aiki ɗaya da ya rage mata a duniya shi ne ya sa sifana ya raba ta da shi, ya goge hannu da tawul ɗinta ya jefa a shara. Kunya ta kama shi irin wadda ba ta taɓa kama shi ba, amma ko ita daga nesa ya ji ta, kamar ana kiran sunansa a gidan maƙwabta.

Ya yi niyyar bin doguwar hanya, amma da Malama a gefe hannunsa ya bi wadda ya saba. Sai ga su a mahaɗar. Ya tsaya. Ya duba hagu, ba kowa. Dama kuwa ga ta nan a share, da zai juya wuya kaɗan zai ga har ƙarshen gangaren. Bai juya ba. Na baya ya danna hon. Ya ja birkin hannu, ya kashe waifa, ya buɗe ƙofa ya fita cikin ruwan. Sifana sha uku tana aljihunsa, kullum a nan take. Ya ɓalle hular notin, ya kwance. Hannun daman nan jiya aka sa shi, bai yi gardama ba.

"Kai, tsoho! A nan za ka buɗe gareji?" in ji wani direba yana zagaye su.

Ya jefa hannun a kujerar baya a kan filo, ya shiga ya zauna, ruwa na zuba daga kansa zuwa wuyan riga. Ya kunna waifa. Hannu ɗaya ya tashi, dungun ya koma juyinsa na banza, nan da nan ɓangarenta ya rufe ruf. Ya miƙa ta gabanta ya murɗa gilashin ƙofarta ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, duk da abin da 'yarsu ta ce. Ruwa ya fara taɓa mata kunci.

"Malama," ya ce, "ba na ganin dama. Kin san ba na gani. Duba mana."

Tana nan a sunkuye. Motoci na zagaye su, wasu da hon, wasu da zagi. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari, ya kafa ido a hagu, ya bar mata dama. Ya ji wata babbar mota ta gangaro ta wuce, ƙasa ta girgiza. Ya ji wata. Ya ji babur. Bai san tsawon lokacin da suka yi a nan ba. Ta gefen ido ya ga kanta ya ɗago a hankali, ya karkata wajen tagar. Ko dubawa take, ko sanyin ruwan ne ya ja ta, bai sani ba.

Sai wani abu ya sauka a gwiwarsa. Ba tas ba irin na da, ba nauyi, ba kuma "wuce". Hannunta na hagu ne. Wataƙila duka ne, wataƙila hannun ne ya gaji ya zame daga cinya ya faɗo inda ya saba. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan, har shi kansa.

Ya sauke birkin hannu, ya sa giya ɗaya, ya shiga titin bai duba dama ba.